Ƙofar Murya: Amfaninta Da Ɓarnarta

Jama'a, a wannan fitowa ina so in yi wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai bayanin wata 'yar dabara da a ke gyara murya da ita bayan an ɗauka. Dalili kuwa shi ne, yanzu ba wani sashe a kwalejin nan da ba ya ɗaukar murya. Masu koyarwar gwaji suna ɗaukar darasinsu su kai wa malami ya saurara. Masu bincike na shekarar ƙarshe suna zuwa wurin dattawa su ɗauko tatsuniya da tarihi. Mu kuma na sashen Hausa, da ya ke muna nan kudu, inda yawancin ɗalibanmu da wani harshe dabam suka buɗe baki, ba abin da ya fi mana amfani kamar muryar Bahaushe a cikin na'ura, wadda ɗalibi zai kunna sau goma, sau ashirin, har kunnensa ya kama. To, duk wanda ya taɓa ɗaukar murya a ɗakunanmu ya san abin da ke biyo ta: ƙugin fanka, da rurin janareta, da kukan gyare in dare ya yi, da yayyafi a kan kwano. Mutum ya zo sauraro sai ya ji kamar a gindin injin niƙa ya yi aikin.

Dabarar nan Turawa suna kiranta noyis get, watau ƙofar da ke tsare hayaniya. Ni dai ƙofar murya na ke ce mata. A da akwati ne na ƙarfe, sai a manyan ɗakunan ɗaukar waƙa a ke ganinsa. Tun wajen 1970 aka fara sayar da wani mai suna Kepex a Amurka, a 1982 kuma wani kamfani na Ingila mai suna Drawmer ya fito da nasa, wanda ya yi suna ƙwarai. Yanzu kuwa ta zama filogin, watau ɗan ƙarin da a ke liƙa wa manhajar gyaran murya a cikin kwamfuta. Akwai ta a cikin Audacity, manhajar nan ta kyauta da waɗansu masana biyu na Jami'ar Kanegi Melon ta Amurka suka fitar a 2000, wadda ita ce yawancinmu mu ke aiki da ita. Akwai ta a cikin Reaper da sunan ReaGate, akwai ta kuma a cikin OBS Studio. Wanda ya taɓa lura da rediyon oba-oba na 'yan sanda, yadda ya kan yi tsit sai in wani ya yi magana, to, ya riga ya ga danginta.

Ga yadda ta ke aiki. Ku ɗauka akwai mai gadi a bakin zaure, hannunsa a kan kyaure. Umurni ɗaya aka ba shi: in ya ji sauti mai ƙarfi ya buɗe, in sautin ya yi ƙasa ya rufe. Shi ke nan iliminsa. Bai san murya ba, bai san fanka ba, bai san Hausa ba balle Turanci. Ƙarfin sauti kaɗai ya ke aunawa. Lokacin da mai magana ya yi shiru tsakanin wannan jimla da waccan, ba abin da ya saura sai ƙugin fanka, shi kuwa mai rauni ne, sai mai gadi ya rufe, wurin ya yi tsit. Da mai magana ya sake buɗe baki sai kyaure ya buɗe.

Amma fa ku lura da wannan, gama a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. In an buɗe wa baƙo ƙofa ran da a ke iska, da shi da ƙura tare su ke shiga. Ƙofar murya ba ta cire hayaniyar da ke ƙarƙashin magana, ko kaɗan. Muddin mutum yana magana, fanka tana nan tana ƙugi tare da shi kamar yadda aka ɗauko su. Abin da ƙofar ke sharewa shi ne filin da ke tsakanin magana da magana kurum. Abin da ya sa a ke jin kamar an gyara duka shi ne, murya mai ƙarfi ta kan danne ƙaramar hayaniya a kunne, ba a jin ta sosai sai an yi shiru. Saboda haka in hayaniyar ƙarama ce, ƙofa ta wadatar. In kuwa ta kai ƙarfin muryar, ko ta yi kusa, ba wata murɗawa da za ta fisshe ka.

Kafin in zo kan maɓallanta, tilas in faɗi yadda a ke auna ƙarfin sauti, don lambobin su kan rikita sabon shiga. Ma'aunin sunansa desibel. A cikin kwamfuta sifiri shi ne ƙololuwa, watau iyakar ƙarfin da na'ura za ta iya ɗauka ba tare da muryar ta fashe ba. Duk abin da ke ƙasa da haka da alamar ɗebewa a ke rubuta shi. Ku ɗauke shi kamar rijiya: bakinta shi ne sifiri, abin da ke gaba 50 kuwa ya fi abin da ke gaba 30 nisa da baki. Watau sautin da ke -50 ya fi na -30 rauni nesa ba kusa ba. Ragin desibel 10 a kunne ya kan yi kamar an rage ƙarfin sauti da rabi.

Maɓalli na farko, wanda shi ne uban sauran, shi ne dokin ƙofa. Shi ke faɗa wa mai gadi iyakar da zai buɗe a kanta. Ba a sa shi da ka. Sai ka nemi wani wuri a cikin abin da ka ɗauka inda ba mai magana, ka zaɓe shi, ka duba ma'auni. Ƙofar Audacity ma tana da wurin da za ta auna maka hayaniyar da kanta, ta ba ka shawarar lambar da za ka sa. Sa'an nan ka nemi kalmar da aka faɗa a hankali fiye da kowace, ka auna ta ita ma. Mu ce hayaniya tana -50, kalma mafi rauni kuma tana -35. Ka ga akwai fili tsakaninsu, sai ka kafa dokin ƙofa wajen -44, sama kaɗan da hayaniya, nesa da magana. Amma in ka tarar hayaniya tana -32, kalma mai rauni tana -35, to, sai ka haƙura da ƙofa. Duk inda ka kafa dokin, ko dai hayaniya ta wuce, ko magana ta maƙale a waje.

Waɗansu ƙofofin, kamar ta OBS Studio, doki biyu gare su, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa wanda ke ƙasa da shi. Hikimar ita ce, in sauti ya tsaya daidai kan iyaka yana hawa yana sauka, kada kyaure ya yi ta kaɗawa kamar na ɗakin da iska ke bugawa. Tazarar desibel 5 ko 6 tsakaninsu ta isa.

Na biyu shi ne zurfin rufewa, watau ko mai gadi ya rufe ruf, ko ya saya kyauren kawai. Nan ne sabon shiga ya fi zaƙewa, don yana ganin shiru tsit shi ne tsabta. Ni ban yarda da haka ba. Ku tuna yadda mutum zai wuni a ɗaki fanka na juyawa bai san da ƙararta ba, sai an ɗauke wuta sa'an nan ya ji ashe da akwai ƙara. Haka kunne ya ke: ya kan manta da hayaniyar da ba ta sakewa, amma ba ya manta da wadda ke zuwa tana tafiya. In ka rufe ruf, duk sa'ad da mai magana ya buɗe baki sai ƙugi ya faɗo tare da shi, ya yi shiru ƙugin ya ɓace, mai sauraro ya koma sauraron ƙugi ya bar darasi. Ragin desibel 10 zuwa 15 shi na ke sawa ga magana. Hayaniyar tana nan, amma ta koma bayan ɗaki.

Sauran uku duk na lokaci ne, da milisakan a ke ƙirga su, watau kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Akwai saurin buɗewa, akwai jinkirin da mai gadi zai yi yana riƙe da kyaure bayan sauti ya sauka, akwai kuma tsawon lokacin da zai ɗauka yana rufewa. A nan ne na ke so mu daɗe, gama a nan ƙofar ke cin Hausa, mu kuwa Hausar mu ke son tsarewa.

Mu fara da buɗewa. Kalmomi da yawa da sauti mai laushi su ke farawa, kamar h da f da sh, waɗanda iska ce kawai, ba su da ƙarfin wasali. In dokin ƙofa ya yi tsawo, ko kyaure ya yi nauyin buɗewa, sai baƙin farko ya wuce kafin a buɗe, wasali ya faɗo shi kaɗai, bagatatan. Ga shi kuwa a Hausa duk kalmar da a ke rubutawa da wasali a farko, da hamza a ke furta ta, watau ita ma bagatatan ta ke faɗowa. Saboda haka ba rauni kaɗai kalmar za ta yi ba, wata kalma za ta koma. Hawa ta zama awa. Haske ya zama aske. Bahaushe zai gane abin da a ke nufi daga sauran maganar, ya wuce bai ma lura ba. Amma yaron da ke koyo, wanda ba shi da wani malami da dare sai wannan murya, abin da ya ji shi zai riƙe. Maganin wannan shi ne a sa buɗewa da sauri, milisakan 5 zuwa 10. Ƙofar da ke cikin kwamfuta tana da wata fa'ida da mai gadi na gaske ba shi da ita: tun da an riga an ɗauki muryar, tana iya leƙa gaba ta ga baƙo tafe, ta buɗe kafin ya iso. ReaGate tana da maɓalli musamman don haka. In taka tana da shi, ka yi amfani da shi.

Sai tsakiyar kalma. Ku faɗi hatta, ko bukka, ko shakka, ko kakkaɓe, ku saurari kanku. Za ku ji a kan baƙin nan mai shadda baki ya kan rufe, sauti ya yanke ɗif na ɗan lokacin da bai fi ƙiftawar ido ba, kafin ya fashe. Mu a wurinmu wannan shirun cikin kalma ya ke, da shi mu ke rarrabe ta da wata. Mai gadi kuwa bai san haka ba, ya ji shiru sai ya kama rufewa, sa'an nan gaɓa ta biyu ta zo ta tarar da kyaure a kan hanya. Abin da a ke ji shi ne murya tana rawa, tana tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Amfanin jinkiri ke nan. In ka ce wa mai gadi ya dakata milisakan 150 ko 200 kafin ya taɓa kyaure, duk irin waɗannan gajerun shirun za su wuce lafiya.

Ƙarshen magana shi ne wuri mafi hatsari. Bahaushe in ya ɗauko jimla, muryarsa sauka ta ke yi a hankali har ya kai ƙarshe, dattijo kuwa ya kan ƙarasa kamar da kansa ya ke magana. To, me mu ke ajiyewa a ƙarshen jimla? A can ne ba ta biyu ta korewa ke zama: ban gan shi ba, ba ta zo ba. A can ne da ce ke zama. Ƙananan kalmomi ne, gajeru, a hankali a ke faɗinsu, su ne kuma nahawun da mu ke fama mu koya wa ɗalibai a aji. Kowane malamin Hausa a nan ya san yadda mai koyo ke yawan manta ba ta ƙarshe. Ina amfanin mu gyara masa da safe, da dare kuma ya kunna muryar da ƙofa ta haɗiye masa ita?

Ba wannan kaɗai ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, kunne kaɗai ke koyar da shi. Baƙo da ya zo daga tafiya wasalinsa na ƙarshe dogo ne, a hankali ya ke mutuwa. Baƙo sunan mutum kuwa gajere ne, in a kansa aka tsaya da hamza a ke datse shi. Haka dogo da Dogo, haka sabo da Sabo. Ƙofar da ke rufewa da gaggawa jelar dogon wasali ta ke yankewa, ta bar shi a datse, ya yi kama da gajere. Ka ga garin neman gira an rasa ido. Don haka rufewa a hankali a ke yin ta, milisakan 200 zuwa 300, yadda murya za ta mutu da kanta kafin kyaure ya kai. Masu kiɗa su kan so akasin haka da gangan. Gangunan da ke cikin waƙar Fil Kolins ta 1981 mai suna In the Air Tonight, waɗanda ƙararsu ke tashi ta yanke ɗif, da irin wannan ƙofa aka datse amsa-kuwwarsu. Ga ganga ado ne, amma mu ba ganga mu ke koyarwa ba.

Akwai ɗaukar da ban ga dalilin kusantar da ƙofa gare ta ba sam. Misali tatsuniya a tsakar gida. Makirufo yana gaban tsohuwa, ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara daga nesa su amsa ta zo mu ji ta. Amsar nan rauni gare ta a cikin na'ura, haka dariyarsu, haka amshin waƙar da ke tsakiyar labari. Mai gadi zai lissafa su duk cikin hayaniya, ya bar tsohuwa tana magana ita kaɗai kamar a kango, alhali rabin abin da mai bincike ya je nema ke nan. Haka kuma koyarwar gwaji. Ɗalibi malami ya yi tambaya, yaro daga bayan aji ya amsa daidai, ƙofa ta shafe amsar. Mai dubawa ya saurara ya ji tambaya, ya ji shiru, ya ji malami ya ce madalla. Me zai rubuta? Inda ƙofa ta fi kyau shi ne mutum ɗaya, kusa da makirufo, yana karanta darasi ko jerin kalmomi, da ɗan ƙugi a bayansa.

To, hayaniyar da ke ƙarƙashin magana fa, yaya za a yi da ita? Wannan aikin rariya ne, ba na ƙofa ba. Wutar lantarki a Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa waya marar kyau ko caja ke sa wani gunji mai kauri a cikin murya. Muryar namiji, ko mai kauri, da wuya ta sauka ƙasa da kaɗawa 80 a daƙiƙa. Saboda haka akwai rariyar da ke zubar da abin da ke ƙasa da 80 ta bar na sama, ta tafi da gindin gunjin nan da rugugin mota, maganar kuwa ba ta rasa kome ba. Akwai kuma mai rage hayaniya a cikin Audacity, wanda a ke ba shi ɗanɗanon hayaniyar ita kaɗai tukuna, ya gane kamanninta, sa'an nan ya bi dukan ɗaukar yana tankaɗe ta, har a ƙarƙashin magana. Yana aiki a kan ƙarar da ba ta sakewa, kamar fanka, amma ba ya iya kome da carar zakara ko hon ɗin babur. In aka matsa masa kuma sai murya ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu. Jerin da na ke bi shi ne rariya tukuna, sa'an nan mai rage hayaniya kaɗan, sa'an nan ƙofa, daga ƙarshe a ɗaga ƙarfin murya. In ka fara matse murya kana daidaita ƙarfinta kafin ƙofa, ka ɗago hayaniya kusa da magana, ka cinye filin da za ka kafa dokin a ciki.

Filin nan kuwa tun wurin ɗauka a ke samunsa. In ka rage nisan baki da makirufo da rabi, muryar ta ƙaru da kamar desibel 6, fanka kuwa tana nan yadda ta ke. Wayar da aka ajiye a kan tebur kamu biyu daga mai magana, da wadda aka riƙe taƙi ɗaya daga bakinsa, ba za a haɗa su ba. A kashe fanka na minti goma, zafi ba zai kashe kowa ba. A nemi ɗakin da ke nesa da janareta, mai labule ko katifa ko littattafai, don bango tsirara amsa-kuwwa ya ke yi, ita kuwa ƙofa ba ta iya raba murya da amsa-kuwwarta. In ruwa ya sauko a kan kwano, a jira ya ɗauke. Kafin a fara magana kuma a bar na'ura ta ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 10, don shi za a auna a kafa doki, shi kuma za a ba mai rage hayaniya ya ɗanɗana.

In ka gama murɗe-murɗenka, kada ka amince da lasifikar kwamfuta, gama ba ta fitar da ƙananan sautukan da mu ke tsoron ɓatansu. Ka sa abin ji a kunne, ka bi farkon jimloli da ƙarshensu, kana kunna ƙofar kana kashewa kana gwadawa. In darasin Hausa ne, ka samu wani wanda bai ga takardar ba ya saurara ya rubuta maka abin da ya ji, gama kai da ka san maganar kunnenka zai cike maka giɓin da kansa. Duk wannan aiki kuwa a kan kwafi a ke yinsa. Abin da ƙofa ta yanke, in an adana fayil a haka an rufe, ba ya dawowa, dattijon da ka ɗauko muryarsa kuma ba lalle ne ka sake samunsa ba. Na asali a rubuta masa kwanan wata da wurin da aka ɗauka, a ajiye shi wuri biyu. Masu bincike in za su miƙa aikinsu ga sashe, su haɗa da na asalin tare da wanda aka gyara.